Ina hali yake zaune a jikin mutum?

    

Hirarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta. A wata cibiya da na koyar, cikin ƙasar Gazawa, yana zuwa kullum da allonsa. Ya yi mako uku yana fama da baƙaƙe. Ran nan bayan an tashi sai ya tsaya, ya ce mini: "Malam, ni dai zan haƙura. Kaina ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce masa: "Baba, wa ya gaya maka kai yana bushewa?"

Ya ce: "Ai kowa ya sani."

To, abin da kowa ya sani ɗin nan shi za mu duba yau. Na san ba shi kaɗai ba ne. Kai ma da kake karanta wannan takarda, wataƙila ka taɓa faɗa wa kanka haka. Ke ma wataƙila kin faɗa, ranar da baƙi ɗaya ya ƙi zama a kanki.

Darasin da ake yi a jami'a

A Maraɗi muna da jami'a. An kafa ta a 2010, daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan Maraɗi, masanin kimiyyar sinadarai. A cikinta akwai sashen koyon aikin likita. Ƴaƴanmu da ke can, tun shekarun farko ake koya musu yadda ƙwaƙwalwa take da yadda jijiyoyi ke aiki. A jami'o'in duniya da yawa akwai darasin farko da ake yi wa sababbin ɗalibai a kan tambaya ɗaya: mene ne a cikin jiki ke sa mutum ya yi abin da yake yi? Me ke sa shi fushi, da tsoro, da barci, da mantuwa, da koyo?

Kada sunan jami'a ya ba ka tsoro. Tushen darasin nan ba ya fin ƙarfin manomi. Kayan aikinsa ma ka san su. A wurare da yawa, malami yakan fara da ƙwaƙwalwar rago, ya ajiye ta gaban ɗalibai su yanka su duba, don fasalinta ya yi kusa da na mutum, sai dai ƙarama ce. Wane ne cikinmu bai taɓa fasa kan rago ba bayan layya? Kun ga ke nan kun riga wasu ɗaliban ganin littafin.

Abu ɗaya zan faɗa tun da wuri, don kada a yi mini wata fahimta. Wannan ilimi ba ya maganar rai. Rai na Allah ne, Shi ya san shi. Abin da ake dubawa shi ne kayan aikin da Ya sa a jikinmu, kamar yadda makaniki ke duba inji.

Mu Hausawa a zuciya muke ajiye hali. Mukan ce wane mai farar zuciya ne, wance zuciyarta ta ɓaci. Ba mu kaɗai ba. Aristotal, babban masanin ƙasar Girka, shi ma haka ya ɗauka. Amma wani likitan ƙasar, Hipokirat, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce a'a, tunani da murna da baƙin ciki daga ƙwaƙwalwa suke fitowa. Ibnu Sina, likitan Musulmi da ya rasu a 1037, shi ma a ƙwaƙwalwa ya ajiye tunani da tuna abu. Binciken zamani ya nuna su ne da gaskiya.

To, me ya sa muke jin abin a ƙirji? Ga misali. Kana noma sai ka ga kububuwa gab da ƙafarka. Ido ya kai labari ga ƙwaƙwalwa. Nan take ta aika saƙo ga wasu ƴan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a bisa ƙoda. Su kuma su zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adirenalin. Sai zuciya ta yi ta bugawa, baki ya bushe, gumi ya keto, ƙafa ta samu ƙarfin gudu. Sai ka ce gabanka ya faɗi. Gaskiya ne ka ji shi a gaba. Amma umurnin daga sama ya zo. Zuciya makaɗiya ce, sarkin yana cikin kai.

Saƙo da masu kai shi

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma cikin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kashi ɗaya cikin biyar ita ke cinye shi, ko kana kwance. Shi ya sa karatu da yunwa ba sa shiri.

An gina ta da wasu ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawansu ya kai miliyan dubu 86. Da za ka zauna kana ƙirga su, ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka yi fiye da shekara 2,700 ba ka gama ba. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar icce, da dogon zare guda mai kai saƙo. Wani likita ɗan ƙasar Sifen, Ramon i Kahal, shi ya zauna da madubi ya zana su ɗaya bayan ɗaya, har aka ba shi kyautar Nobel a 1906. Ɗaliban jami'a har yau suna kallon zanensa.

A nan sai mu yi hankali da kalma. Da Hausa jijiya ɗaya muke cewa, amma iri biyu ce. Akwai jijiyar jini, wadda likita ke nema in zai sa ƙarin ruwa. Akwai kuma jijiyar saƙo, fara, ba jini cikinta. Ita ce damin zaren nan da muka ce. Jijiyoyin saƙo suna fitowa daga ƙwaƙwalwa da kuma laka, wadda ke cikin ƙashin baya, su bazu har yatsun ƙafa.

Saƙon yana tafiya da ɗan ƙaramin lantarki da jiki ke yi da kansa. A jijiyoyi masu sauri yana cin mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Da mota ce, da ta tashi daga Maraɗi ta isa Agye kafin kwata ɗaya na awa ya cika. Ka taka ƙaya ba takalmi, me ke faruwa? Ƙafa takan ɗaga kafin ka ce wayyo. Saƙon ya je laka, laka ta mayar da umurni nan take, ba ta jira kai ba. Daga baya labarin zafi ya isa sama.

Abin mamaki shi ne, ƙwaya da ƙwaya ba su manne da juna ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu. Ku mutanen Tsibiri da Gidan Runji kun san Gulbin Maraɗi in ya kawo ruwa da damina. Manzo ya zo da gudu, ya iske gulbi, dole ya ba mai fito saƙon ya ƙetarar. Haka abin yake. In lantarki ya iso bakin ratar, sai ƙwaya ta saki wani sinadari ya ƙetare, ya tada ta gaba. Wannan mashigi, ku riƙe shi da kyau, don a nan ne abubuwa da yawa ke faruwa.

A irin wannan wuri goro ke aiki. In mutum ya daɗe a farke, wani sinadari yakan taru a ƙwaƙwalwa yana cewa a kwanta. Abin da ke cikin goro da shayi da gahawa, wato kafeyin, sai ya toshe wurin da saƙon gajiyar ke sauka. Gajiyar tana nan, labarinta ne bai iso ba. A nan kuma tiramol ke yin ɓarnarsa. Yana rufe bakin zafi, ya ba mutum daɗin da bai yi wahalar samu ba. Ƙwaƙwalwa sai ta saba, ta gyara kanta a kan ƙwayar. Gobe guda ba ta isa ba, sai biyu. In babu, jiki ya ƙi, rai ya ɓaci, a yi faɗa a gida. In ta yi yawa takan jefar da mutum yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Matasanmu masu kabu-kabu da masu aikin ƙarfi, ku ji wannan. Wanda ya riga ya faɗa kuma, zagi ba ya fitar da shi, a kai shi ga ma'aikatan lafiya.

Kowane aiki da unguwarsa

Ta yaya aka san aikin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa? Da farko ta wurin marasa lafiya aka sani. Labari biyu ne kusan kowane malami ke ba ɗalibansa.

Na farko a Faransa ne, a 1861. Wani likita a birnin Paris, Pol Broka, yana da majinyaci da ya yi shekara 21 a asibiti. Yana gane abin da ake faɗa masa, amma in zai yi magana gaɓa ɗaya ce ke fita: "tan". Da ya rasu, likitan ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da wuri ya lalace a ɓangaren hagu, wajen gaba. Aka yi ta samun irinsa. Nan aka gane magana tana da unguwarta. Ku ma kun taɓa gani. Mai hawan jini ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a hagun ƙwaƙwalwa, domin hagun kai shi ke juya daman jiki, dama kuma ta juya hagu. Irin wannan mutum sau da yawa yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. A kiyaye baki gabansa.

Na biyu a Amurka ne, a 1848. Wani shugaban leburori mai suna Finiyas Geji yana aikin fasa dutse don hanyar jirgin ƙasa. Albarushi ya tashi, wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ya shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ya fita ta ƙoƙon kai. Bai mutu ba. Yana magana, yana tafiya. Amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa halinsa ya sake. Mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai zage-zage, mara haƙuri, mai shirya abu ya watsar. Sashen da ya lalace shi ne na bayan goshi, wanda ke riƙe linzamin mutum, mai cewa dakata, yi tunani tukuna.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa. Ni kuwa sauran ya fi burge ni. Geji ya rayu har 1860. Ya tafi ƙasar Cile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja a doguwar hanya. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da kiyaye lokaci da iya zama da mutane. Ke nan wani abu ya gyaru a kansa. Mu ajiye wannan, za mu dawo gare shi.

Sashen bayan goshin nan shi ne na ƙarshen nuna. Ba ya gama ƙosawa sai mutum ya wuce shekara 20. In saurayi ya yi wauta, a tsawata masa, amma a san linzaminsa bai gama saƙuwa ba. Mai hawa babur kuma ya sa hular kwano. Ƙafa in ta karye maɗori yana ɗora ta. Goshi ba shi da maɗori.

Yaron da aka ce ba ya jin magana

A wani ƙauye na ga yaro ɗan shekara takwas da ake duka kusan kullum. A kira shi ya yi banza da mutane. A aike shi ya kawo wani abu dabam. A lakwal an ce daƙiƙi ne. Na tambayi uwarsa: "Inna, ya taɓa yin ciwo mai tsanani?" Ta ce ya yi sanƙarau shekara biyu da suka wuce, Allah ya tashe shi. Na zagaya bayansa na tafa hannu da ƙarfi. Ko motsi bai yi ba. Da gaske ba ya jin magana, amma ba irin yadda suke nufi ba. Kunnen ne ya tafi.

Sanƙarau ciwo ne na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da ya fi addaba, kuma lokacinsa shi ne rani, da iska da ƙura. A 1996 da 1997 ya kama fiye da mutum 250,000 a ƙasashen Afirka, wajen 25,000 suka rasu. A 2010 aka fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar da Mali da Burkina Faso, ta karya lagon nau'in da ya fi kisa a da. Amma akwai wasu nau'o'in, kamar wanda ya ɓarke a ƙasarmu a 2015. Cikin waɗanda suka tashi daga ciwon, wajen ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko wuyar koyo. Masassarar cizon sauro ma in ta hau kai, yaro ya suma yana karkarwa, takan bar irin wannan tabo. Saboda haka zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko zazzaɓi da suma, ba abin jiran gari ya waye ba ne.

Yunwa ita ma tana taɓa kai. Ƙwaƙwalwar jariri tana girma da sauri ƙwarai tun daga ciki har ya cika shekara biyu. Lokacin da aka yaye shi ta riga ta kai wajen kashi uku cikin huɗu na girmanta. Mu mutanen jahar Maraɗi ba mu manta da 2005 ba, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar fiye da yara 60,000 masu tamowa a ƙasar nan, mafi yawansu a jaharmu. Ginin da ake yi a shekarun nan biyu yana son kaya: nonon uwa zalla har wata shida, daga nan kunu mai gujiya ko wake, da ƙwai, da ganyen zogala. Yana kuma son gishiri mai iyod, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira aidin. Rashinsa ne ke kawo maƙoƙo a wuya, kuma in mai ciki ta rasa shi, kan ɗanta ne ke biya.

Sai farfaɗiya. A kanta zan ɗan tsaya, don an zalunci masu ita da yawa. Mun ce ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki. Farfaɗiya ita ce lantarkin nan ya tashi gaba ɗaya babu tsari, kamar garke ya firgita ya watse. In ya lafa, mutum ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 50 ke da ita, kuma bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Ba a ɗaukarta. Yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo, cin abinci da shi ma haka. In ya faɗi, kada ku gudu. Ku janye shi daga wuta ko bakin rijiya, ku sa tsumma ƙarƙashin kansa, ku juya shi ta gefe. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. In abin ya wuce minti biyar, sai likita. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Amma a haɗa da magani, kuma a bar yaro ya tafi lakwal.

Mu koma ga Baba

Yanzu ga tambayar da ta tara mu. Shin kan babba yana bushewa?

Mutanen Agye, ku ne za ku fi saurin gane amsar. A Ɗan Saga da ƙauyukan kewaye an shahara da sassaben zamani. Kututture ya yi toho goma, manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Waɗanda aka bari su zama itace. Ƙwaƙwalwar yaro haka take yi. Takan fitar da mashigai da yawa fiye da bukata. Wanda ake bi ya yi ƙarfi, wanda ba a bi a sare shi. Shi ya sa yaro ke kwashe harshe kamar wasa. A nan Baba yana da gaskiya: ɗanye ya fi saurin tanƙwaruwa.

Amma ku da kanku kun ga gonar da aka ce ta mutu, ashe saiwa tana da rai a ƙasa. Mashigan nan na ƙwaƙwalwa ba sa daina sakewa har tsufa. Duk abin da ka koya, wani mashigi ne ya ƙara ƙarfi. A birnin Landan, a shekarar 2000, wata masaniya mai suna Elino Magwaya ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi, waɗanda dole su haddace dubban tituna. Ta tarar da sashen da ke riƙe hanya ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin ya fi. Da girmansu suka koyi aikin.

Ga wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2010 wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehan, da abokan aikinsa suka gwada manya 63 daga Burazil da Fotugal. Goma ba su iya karatu ba sam. Talatin da ɗaya sun koya tun suna yara. Ashirin da biyu kuwa irinku ne, da girmansu suka shiga yaƙi da jahilci. Aka sa kowa cikin na'urar da ke nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki, aka nuna masa rubutu. Ga wanda ya iya karatu, akwai wani ɗan wuri a hagu, wajen ƙeya, da ke tashi da ya ga baƙaƙe, ya miƙa su ga unguwar magana. Ga wanda bai iya ba, wurin bai kula da baƙaƙe ba. To, waɗanda suka koya da girma fa? Wurin ya tashi. Bai kai na ƴan lakwal ƙarfi ba, amma ya tashi, kuma gwargwadon iya karatun mutum, gwargwadon ƙarfinsa. A 2017 kuma aka ba da sakamakon wani gwaji a ƙasar Indiya, inda aka koya wa manyan ƙauye, yawancinsu mata, karatu na wata 6 kawai. Aka ga canji har can cikin zurfin ƙwaƙwalwarsu.

Ku lura da wani abu. Ba a haifi kowa da wurin karatu a kai ba. Rubutu bai fi shekara dubu biyar da ƴan kai a duniya ba. Wurin nan aikinsa na asali gane siffar abubuwa ne. Idon da ke bambanta sawun akuyarka da na akuyar maƙwabci, idon da ke gane zanen fuskar Bagobiri daga nesa, shi ne ake ara a koya masa "ba" da "ɓa". Farfesa ma aro ya yi.

Ba zan ruɗe ku ba, babba ya fi yaro shan wuya. Yaro yana lakwal shekara shida, kullum. Kai kuwa wata huɗu ko biyar na rani, bayan ka gaji, ga tunanin cefane. Ba kai ne ya bushe ba, lokacin ne kaɗan. Kuma turbar da aka daina bi, ciyawa ke cinye ta. Wanda ya ajiye littafi daga shuka har girbi, zai dawo ya tarar da rabin abin ya gudu. Maganinsa kaɗan-kaɗan kullum. Minti goma kowace rana ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai. Karanta allon bakin hanya, da buhun taki, da katin awon yaro, da saƙon salula. Ka rufe littafi ka gwada tunowa da kanka, wannan ya fi maimaita kallo. Ka kuma samu barci, don cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka koya da rana.

Shi Baba kuwa, ashe matsalarsa ma ba a kai take ba. Na lura yana miƙa takarda nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Daga shekara 40 zuwa sama, idon kusan kowa yakan rage ganin abu na kusa. Ɗigon da ya raba wani baƙi da wani, da ƙugiyar "ɗ" da "ƙ", ba ya ganinsu sam. Muka sa ɗansa ya kai shi aka gwada masa tabarau na karatu. Na kuma ƙara girman rubutuna a allo, wanda da ma laifina ne da ban yi tun farko ba. Kafin ruwan shuka ya sauka, da hannunsa ya rubuta sunansa a takardar ƙungiyar manoma.

Aikin wannan mako

Ga gwaji guda da ɗaliban jami'a ke yi a darasin nan. Ku ma ku yi shi a cibiya. Ka samu farar takarda. A hagu ka zana ƙaramar alamar tarawa, wadda kuka koya a lissafi. A dama, nisan faɗin yatsu huɗu ko biyar, ka yi baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake. Ka rufe idon hagu da hannu. Da idon dama ka zuba wa alamar tarawa ido, kada ka kalli ɗigon. Ka miƙa takardar tsawon hannu, ka riƙa jawo ta a hankali. A wani wuri ɗigon zai ɓace, ka ga farar takarda kawai. Ka ƙara jawowa, ya dawo.

Dalili shi ne, a bayan kowane ido akwai wurin da jijiyar gani ke fita zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wurin ba ya gani. Wani masani ɗan Faransa, Mariyot, ya gano shi wajen 1660. Tun da aka haife ka ramin nan yana cikin ganinka, ba ka taɓa sani ba, don ƙwaƙwalwa ce ke cike shi da abin da ke kewaye.

In kun gwada, kowa ya rubuta layi biyu ko uku da hannunsa a kan abin da ya gani, ya ba malamin cibiya ya aiko mana. Ku kuma tattauna wannan: a ƙauyenku akwai yaron da aka hana lakwal saboda farfaɗiya ko rashin ji? Wa zai je ya yi magana da iyayensa? Malamai kuma ku duba cikin ɗalibanku wa ke miƙa takarda nesa da ido, ku rubuta yawansu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi hira a kan hawan jini da yadda ake auna shi. Ku huta lafiya.